Amsar tambayar Yaya Hajiya a kan amla da 'ya'yan itatuwanmu na gida

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Iyayena da yayyena da ƙannena da ke cikin wannan zaure, ina fatan kowa ya wuni lafiya. Yaya Hajiya, tun da hantsi na saurari saƙonki, amma na bari sai da na tashi daga aiki na samu natsuwa, domin magana ce da ta shafi lafiyar mutum, bai kamata a amsa ta a tsaitsaye ba. Ga waɗanda ba su ji ba, Yaya ta ce wata maƙwabciyarta ce ta kawo mata garin wani ɗan itace da ake kira amla, wanda a jikin kwalinsa aka rubuta guzberin Indiya, aka shaida mata cewa yana maganin ciwon suga da hawan jini da zubewar gashi, har aka ce idan Alhaji ya juri shansa na wata uku zai iya ajiye ƙwayoyin asibiti. Daga baya Baffa ya ƙara da tasa tambayar, ya ce shin a cikin 'ya'yan itatuwanmu na gida, irin su tsamiya da goruba da aduwa, babu wanda zai tsaya a madadinsa?

Yaya, zan fara da abin da ya fi damuna, kada ya ɓace a cikin dogon bayani. Don Allah kada Alhaji ya ajiye maganinsa na suga ko da na kwana ɗaya saboda wannan gari. Idan wannan kaɗai kika riƙe daga muryata, buƙata ta biya.

Sunan guzberi kansa yana kawo ruɗani, domin Turawa sun laƙaba shi ga itatuwa daban-daban da ba su haɗa dangi ba. Akwai na ƙasashen sanyi, ɗan ƙaramin tsiro mai ƙaya da ake nomawa a Ingila da Jamus da Rasha, ana dafa 'ya'yansa da sukari. Akwai wani kuma dangin tumatir, asalinsa daga Kudancin Amurka, wanda ɗansa ke lulluɓe cikin wata 'yar riga mai kama da takarda. Wanda aka kawo miki shi ne na uku, bishiya ce sosai da ke fitowa a Indiya da maƙwabtanta, kuma yankin Pratapgarh da ke jihar Uttar Pradesh ya yi suna wajen nomanta. Saboda haka idan mutum ya ga bidiyo a Facebook ana yabon guzberi, sai ya fara tantance wanne ake nufi kafin ya ɗauki maganar.

Na ga amla ɗanye da idona lokacin da na raka Kawu aikin ido a Delhi cikin hunturu. A baro ake tallarsa a bakin titi, tsibi-tsibi, girmansa bai wuce ƙaramin lemon tsami ba, launinsa kore mai haske yana ɗaukar ido, da wasu layuka shida siriri da suka ratsa shi daga sama zuwa ƙasa, a tsakiyarsa kuma akwai ƙwallo mai tauri. Da na gatsa, tsami da bauri suka kama mini baki gaba ɗaya, irin baurin ɗanyar kanya amma ya fi shi ƙarfi, har harshena ya yi kamar an ɗaure shi. Mai baron ya miƙo mini ruwa ya yi mini alama in kurɓa, ina kurɓa sai na ji ruwan ya yi zaƙi kamar an jefa masa sukari. Mutanen can ba su cika cinsa haka nan ba. Sukan jiƙa shi a ruwan gishiri, ko su dafa shi da sukari ya zama alawa, ko su yi masa haɗin yaji da mai su ci da abinci. A wurinsu abinci ne na yau da kullum kafin ya zama magani, kamar yadda tsamiya take a wurinmu.

A ilimin maganin gargajiyarsu, wanda suke kira Ayurbeda, amla na da babban matsayi. Shi ne ɗaya daga cikin 'ya'yan itace uku da ake haɗawa a yi maganin da suke kira tirifala, wato 'ya'ya uku, wanda aka fi sha don gyaran ciki da sauƙaƙa bayan gida. Wannan ilimi bai tsaya a Indiya ba, ya ratsa Farisa ya shiga littattafan likitocin Musulmi, inda Larabawa suka kira ɗan itacen amlaj, haɗin kuma suka kira shi iɗrifal. Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya ambaci amlaj a cikin littafinsa Alƙanun. Don haka ban yarda da masu cewa duk abin yaudara ne ba. Abu ne mai asali, al'ummomi sun yi ɗaruruwan shekaru suna amfana da shi, kuma binciken zamani ya tabbatar da wani ɓangare na abin da suka lura da shi.

Ɓangaren da ya tabbata ba tare da jayayya ba shi ne yawan bitamin C. A cikin giram 100 na lemon zaƙi akwai kimanin miligiram 50 na wannan sinadari, amma a cikin giram 100 na ɗanyen amla ana samun ɗaruruwan miligiram, alhali buƙatar babban mutum a rana ba ta wuce miligiram 75 zuwa 90 ba. Jikin akuya da na saniya suna ƙera nasu bitamin C da kansu, ɗan Adam kuwa Allah bai ba jikinsa wannan ikon ba, dole sai ya samu daga abin da yake ci. Da shi jiki ke gina abin da ke riƙe fata da dasashi da jijiyoyin jini, shi ya sa wanda ya rasa shi na tsawon watanni za a ga dasashinsa na kumbura yana zubar da jini, haƙora na girgiɗa, rauni ya ƙi warkewa. Wannan cuta ta kashe matuƙan jiragen ruwa masu ɗimbin yawa a zamanin da, saboda sukan yi watanni a teku ba su ga ɗanyen abu ba. A kan wannan cuta ne wani likitan sojan ruwan Birtaniya mai suna James Lind ya yi gwaji a shekarar 1747. Ya raba marasa lafiya 12 gida shida, kowane gida ya ba shi magani daban, sai ga shi mutum biyun da aka bai wa lemon zaƙi da lemon tsami su ne suka miƙe cikin 'yan kwanaki.

Akwai wani amfanin da ya fi shafarmu a nan, musamman mata masu juna biyu da yara. Bitamin C na taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ayon, mai gina jini, daga cikin wake da ganyaye da hatsi. Wanda ya ci ɗanwake ko kwaɗon zogale ya bi shi da lemo ko gwaiba ya fi cin moriyar abincin a kan wanda ya bi shi da shayi mai kauri, domin baurin ganyen shayi yana riƙe ayon ya hana shi shiga jini. Sai dai a sani cewa wannan bitamin ba ya jure zafin wuta da daɗewar ajiya, saboda haka garin da aka busar, aka niƙa, aka yi watanni ana yawo da shi a cikin zafin ƙasarmu, bai kai ɗanyen da na gani a baro ƙarfi ba.

Yanzu ga maganar suga. An yi gwaje-gwaje a kan mutane, kuma wasunsu sun nuna cewa amla na iya rage suga da kitsen jini kaɗan. Amma gwaje-gwajen ƙanana ne, mutanen da aka gwada kaɗan ne, lokacin kuma makonni ne ko 'yan watanni, alhali ciwon suga abokin zama ne na shekaru, kuma ɓarnarsa a hankali take cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa ba tare da mai shi ya ji komai ba. Metformin da Alhaji ke sha an yi shekaru sama da 60 ana amfani da shi, an san adadin da ke cikin kowace ƙwaya, an san yadda yake aiki a hanta, an san wanda bai kamata ya sha ba. Garin da ke cikin kwalin nan kuwa, cokalin yau da na gobe ma ba lallai ƙarfinsu ya zo ɗaya ba.

Abin da ya sa nake nanata wannan shi ne wani bawan Allah da ya daɗe yana karɓar magani a hannuna, direban babbar mota, mutum mai fara'a da kiyaye lokacin shan maganinsa. Sai na daina ganinsa kusan wata biyar. Ranar da ya dawo, ɗansa ne ke riƙe da shi, ƙafarsa ta dama naɗe da tsumma, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce mini wani mai talla da lasifika ne ya sayar masa da jarka biyu na jiƙo, ya rantse masa cewa suga zai fita ta fitsari ya rabu da shi har abada, kuma da ya ga yana yawan fitsari sai ya ɗauka maganin ne ke aiki. Yawan fitsarin nan kuwa shi ne alamar sugan ya hau. Ƙusa ce ta soke shi a tafin ƙafa bai ji ba, sai da wari ya tashi. An samu an ceto ƙafar, amma yatsu biyu sun tafi, kuma tuƙin da yake ciyar da iyalinsa da shi ya gagara. Har yau idan na tuna fuskarsa a ranar nan raina yana ɓaci.

Idan Alhaji na sha'awar amla a matsayin ƙari a kan maganinsa, wannan magana ce da za a iya zaunawa a kanta, amma da sharaɗin likitansa ya sani. Dalili shi ne, abin da ke rage suga idan ya haɗu da wani mai rage suga, musamman allurar insulin ko ƙwayar glibenclamide, suga na iya faɗuwa ƙasa fiye da kima, mutum ya kama gumi da rawar jiki da jiri, wani har ya suma. Haka kuma akwai alamun cewa amla na rage saurin daskarewar jini, don haka mai shan asfirin kullum ko warfarin mai hana jini daskarewa, da wanda aka sa wa ranar tiyata, su yi nesa da shi sai da izini.

Sai kuma batun shi kansa kwalin. A shekarar 2004 wasu likitoci a birnin Boston na Amurka sun sayi magungunan Ayurbeda iri 70 daga shagunan birnin suka auna, suka tarar 14 daga ciki, wato kashi ɗaya cikin biyar, na ɗauke da gubar dalma ko zaiba ko asenik. Laifin ba na ɗan itacen ba ne, daga wajen haɗawa da sarrafawa matsalar ke shigowa. Mu kuwa ba baƙin gubar dalma ba ne, mun ga abin da ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara kusan 400 suka rasu. Saboda haka, Yaya, ki duba ko akwai lambar hukumar NAFDAC a jiki, da ranar da aka yi shi da ranar da zai lalace. Ko da akwai lambar ma, a kan yawancin magungunan gargajiya abin da take nufi shi ne an duba ba a ga abin cutarwa ba. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk cututtukan da aka jera a bayan kwali.

Baffa, Allah ya ƙara girma, tambayarka ta yi mini daɗi ƙwarai, domin amsarta ita ce akwai, kuma a bakin ƙofarmu suke. Idan bitamin C ake nema, gwaiba na da fiye da miligiram 200 a cikin giram 100, wato ta ninka lemon zaƙi kusan sau huɗu, ga ta kuma a 'Yan Lemo da kowace kasuwar ƙauye idan lokacinta ya yi. Sai 'ya'yan kuka, wannan farin garin da ke manne da ƙwallayen idan aka fasa ɓawon, wanda muke tsotsa muna yara, wanda kuma ake jiƙawa a yi kwalba da nono. Shi ma yana da bitamin C mai yawa da sinadarin kalsiyam da tuƙar da ke gyara hanji, kuma a bishiya yake bushewa da kansa a cikin ɓawonsa ba tare da an kai shi wuta ba. A shekarar 2008 Tarayyar Turai ta amince a riƙa sayar da shi a matsayin abinci a ƙasashenta, yanzu haka a can cikin 'yan ƙananan leda ake sayar da shi da tsada, mu kuma nan sai mu bar wa yara da awaki. Ina ganin wannan sakaci ne da ya kamata mu gyara a gidajenmu.

Tsamiya kuwa, iyayenmu mata sun san aikinta tun kafin a rubuta shi a littafi. Na tuna yadda Inna ke jiƙa ta a ƙwarya tun da azahar a watan azumi, ta murtsuke ta da hannu, ta tace da rariya, ta zuba a kan gasarar da aka dama, kunun ya saki ya yi haske, kuma duk wanda ya yi kukan cushewar ciki a gidan, ruwan tsamiya ake fara ba shi. Tsaminta da tuƙarta suna jawo ruwa zuwa cikin hanji, bayan gida ya yi laushi. Larabawa ma tamar hindi suke ce mata, wato dabinon Indiya, duk da cewa asalinta na nan Afirka ne. Amma ga wani abin lura: masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun wallafa a 1996 cewa shan asfirin tare da abincin da aka sa wa tsamiya yana ƙara yawan maganin da ke shiga jini sosai. Wannan ya nuna mana cewa ko abin da muka saba da shi tun muna goye yana iya taɓa aikin maganin asibiti.

Goruba ana shan jiƙonta a nan da Masar saboda hawan jini, kuma tsohuwar abokiyar ɗan Adam ce, har a cikin kabarin Fir'auna Tutankhamun an tarar da ita. Shan ta babu laifi idan ba a cika mata sukari ba, sai dai hujjar da ake da ita a kanta ba ta kai ta zoɓo ba. Shi zoɓo an gwada shi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka wallafa a 2010: mutum 65 masu hawan jini mara tsanani, kimanin rabinsu suka riƙa shan kofi uku a rana har mako shida, sai lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kimanin maki 7. Saukar gaske ce, amma wanda jininsa ke kai 180 ya san maki 7 ba za su fitar da shi daga haɗarin shanyewar ɓarin jiki ba. Aduwa, wadda da itacenta ake sassaƙa allon karatu, tana da ɗaci da zaƙi a haɗe, tana saki ciki, idan aka yawaita kuma ta sa gudawa. Ƙarfinta ya kai tun a 1933 aka rubuta a Sudan cewa jiƙon 'ya'yanta na kashe dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya a cikin ruwa. Abin da ke da wannan ƙarfin ba a yi masa shan ganganci, musamman ga mai ciki da ƙaramin yaro. Magarya da kurna da ɗinya da kanya da taura kuwa, ni a wurina abincin marmari ne masu kyau, sun fi alawar kanti da lemon kwalba amfani nesa ba kusa ba, kuma da za a mayar da yaranmu kansu da an rage ruɓewar haƙora.

Akwai maganar da nake yawan ji, wai ai ɗan itace ne, ko bai yi magani ba ba zai cutar ba. Wannan kuskure ne mai haɗari. Gwanja kusa, wadda ake samu a kudancinmu da Gana, idan aka ci ta kafin ta buɗe da kanta a bishiya tana faɗar da sugan jini har ta kashe, kuma a Jamaika, inda aka kai irinta daga Afirka ta Yamma, sun san wannan ciwo na amai sarai. A can Indiya ma, a yankin Muzaffarpur na jihar Bihar, an yi shekaru yara na mutuwa a lokacin nunar wani ɗan itace mai suna lici, sai a binciken da aka wallafa a 2017 aka gano cewa yaran na cika ciki da shi a gonaki su kwanta ba su ci abincin dare ba, gubar da ke cikinsa ta faɗar musu da suga cikin dare. Babban lemon nan mai ɗaci da ake kira girefurut, tun 1989 aka gano a Kanada cewa yana hana jiki sarrafa wasu magungunan hawan jini, su taru a jini fiye da kima. Mai ciwon ƙoda kuma, musamman wanda ake yi wa wanki, ayaba da lemo da dabino ma sai da awo, saboda sinadarin fotashiyam da ƙodarsa ba ta iya fitarwa. Shi kansa dabino, da dukkan albarkar da ke cikinsa, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne, don haka Alhaji ya tsaya a ƙwaya ɗaya ko biyu.

Game da gashi, man amla na sa gashi laushi da sheƙi, yana rage karyewa, kamar yadda man kaɗe da man kwakwa suke yi, kuma shafa shi ba shi da wata illa ga yawancin mutane. Amma idan gashin mace na zuba da yawa, ana fara duba ƙarancin jini, da matsalar maƙoƙo, da jego, da kitson da ake ja da ƙarfi har goshi ya koma baya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da ganyaye a kowace rana. Ga mai suga kamar Alhaji, ya fi kyau ya ci ɗan itacen da tuƙarsa a kan ya sha matsattsen ruwansa, ya raba shi kaɗan-kaɗan a cikin yini, gwaiba ɗaya da safe, yankan gwanda da rana, kuma ya riƙa gwada sugansa awa biyu bayan cin abinci domin ya gane abin da jikinsa ke karɓa da wanda ba ya karɓa.

Yaya, kafin ki kwanta ki ɗauko mini hoton kwalin gaba da baya ki turo, tare da hoton duk magungunan da Alhaji ke sha da sakamakon gwajinsa na ƙarshe. Kada a buɗe garin tukuna. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shigo bayan la'asar da na'urar awon suga da ta awon jini, mu zauna da shi mu rubuta tambayoyin da zai tafi da su wurin likitansa. Baffa, kai ma zan biyo in auna ka, in kuma karɓi 'ya'yan kukar da ka ce an kawo maka daga gona. A gaida mutanen gida. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.